Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Na Sudan

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne daga Mai Wurno ta Jihar Sinnar, garin da kakanninmu suka kafa bayan hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda aka gwabza da Turawan Ingila a arewacin Najeriya.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani, babban birnin Jihar Jazira, a ƙarshen shekarar, mutanen karkara suka gane cewa lafiyarsu a rataye take da asibitocin birni, idan aka tare hanya kuwa babu inda za a kai mara lafiya. Yanzu da ake maganar sake gina ƙasa, roƙona shi ne kada kuɗin ya ƙare a manyan gine-gine, a bar shafahana, wato ɗakin shan magani na ƙauye, babu ma'aikaci babu magani.

Cututtukan da ke cinye mu ba sa buƙatar babban likita a matakin farko. Zazzaɓin cizon sauro, tsargiyar da yara ke kwasowa a magudanan ban-ruwa, da kwalarar da ta bazu a 2024, duk ma'aikacin da ke zaune cikin jama'a zai iya gano su da wuri, muddin yana da kayan gwaji da ruwan gishiri da sukari. Da damina kuwa, wanda ya san lakar yankinmu ya san cewa mota ba ta fita da mai naƙuda, sai dai a haihu inda ake.

Ƙasar nan tana da abin koyi a gida. Makarantar ungozoma ta Omdurman, wadda aka buɗe a 1921, ta horar da matan da ba su iya karatu ba har suka riƙa bambance magunguna ta ƙanshi da ɗanɗano, suka koma garuruwansu suna karɓar haihuwa. Ina roƙon a farfaɗo da wannan tsari, a zaɓi 'yan matanmu da samarinmu a horar da su, a kuma riƙa biyansu albashi kan lokaci, domin tsohuwar da Larabcinta bai nuna ba, da Hausa kaɗai za ta faɗi abin da ke damunta, kuma mace takan ɓoye wa baƙo abin da za ta gaya wa 'yar maƙwabciyarta.

Ɗakin da za su zauna, mu za mu gina da aikin gayya idan ma'aikatarka ta ba da ma'aikaci da firjin rigakafi mai aiki da hasken rana.

Wassalam,
Wani manomi daga Mai Wurno