Mu kula da tashar wutar lantarkin Funtuwa

Ya Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana mutanen Funtuwa.

Ni mai walda ne, da wuta nake ci, da ita nake ciyar da iyali da yaran shago huɗu. Idan muka yi baƙo, mukan kai shi madatsar ruwa ta Mairuwa a hanyar Gusau, mu nuna masa masaƙa, mu bi da shi ta unguwar BCGA inda Turawa suka kafa harkar auduga, sannan tsohuwar tashar jirgin ƙasa da layinta ya miƙe har Ƙauran Namoda. Ga kuma tashar sauke kaya ta tudu da aka buɗe a 2024. Amma ban taɓa jin wanda ya tuna da tashar rarraba wutar lantarki ba, alhali ita ke juya injin niƙa da keken tela da famfon rijiyar burtsatse.

Wutar tana zuwa mana ne daga Kaduna ta Zariya a kan layi mai ƙarfin kilobolt 132. Manyan taransifoma su sauke ta zuwa 33, a raba wa gari da kewaye, babban layin kuma ya wuce Gusau. A watan Oktoban 2024, bayan an lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, mun ɗanɗana kuɗarmu. Kwana da kwanaki ina ƙona ribata a janareta, har wata ƙofar da na yi alkawarin kaiwa kafin biki sai bayan tarewar amarya na gama ta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halinmu mu kanmu. Ƙa'ida ta ce a bar fili mita 30 a ƙarƙashin irin wannan layi, 15 ta kowane gefe. Ni da idona na ga rumfar kwano a gindin turke, na ga masu farautar gafiya sun cinna wa ciyawa wuta da hunturu, harshenta na neman waya. Na ga turken da aka kwance wa ƙarafa, kuma a matsayina na mai sana'ar ƙarfe na san a wajen 'yan gwangwan suke ƙarewa.

Ina roƙon Mai Girma Sarkin Maska, Hakimin Funtuwa, ya tara masu unguwanni da limamai da shugabannin 'yan gwangwan a kan wannan batu kafin ciyawa ta bushe. Mu masu walda kuma mu daina sayen ƙarfen da ba mu san asalinsa ba.

Naka,
Wani mai walda, Funtuwa, Jihar Katsina