Kujeru uku, magana ɗaya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ranar 25 ga Fabrairu 2023 takardu uku aka miƙo min a rumfar zaɓe, ta shugaban ƙasa, ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai, amma wallahi duk kamfen ɗin abu ɗaya muka ji, wai a yi sak. Jam'iyya ta rubuto manufofinta daga Abuja da Turanci, maganar tallafin mai ce da dala, shi kuma mai neman majalisa ya manna hotonsa kusa da na babba shikenan. To kwatar layinmu da ke ambaliya duk damina fa, wa zan tambaya? Don Allah kafin 2027 kowane ɗan takara ya shiga rediyo ya faɗi nasa da Hausa.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna