Dathon bai je El-Adrel don koyar da yarensu ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina bin shafinku na fina-finai, amma ban taɓa ɗaukar alƙalami na rubuto muku ba sai yau. Abin da ya tayar da ni shi ne sharhin da kuka buga kwanan baya, inda mai sharhin ya yi wa fina-finan ƙagaggen labarin kimiyya kuɗin goro, ya ce babu komai a cikinsu sai harbe-harbe da bindigar haske da mutane sanye da fuskar roba. Fuskar roba kam akwai ta, ban musa ba. Sai dai ina roƙon ka ba ni fili in kawo kashi ɗaya tak, wanda na kalla ya fi sau goma, kuma har yau ina gardama da abokaina a kansa. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, zan fasa ƙwai.

Sunan kashin "Darmok", na biyu a zango na biyar na shirin Star Trek: The Next Generation, wanda aka yi ta nunawa a Amurka daga 1987 zuwa 1994. An fara haska wannan kashin ranar 30 ga Satumba, 1991, ƙasa da wata ɗaya kafin rasuwar Gene Roddenberry, mutumin da ya ƙirƙiro Star Trek ɗin. Kumbon Enterprise ya haɗu da wasu halittu da ake kira Tamariyawa. An ce sau bakwai ana gamuwa da su cikin shekara 100, ba a taɓa fahimtar juna ba. Kuma ba don rashin na'urar fassara ba. Na'urar tana aiki, tana mayar da kowace kalma, amma abin da ke fitowa sunayen mutane ne da na wurare, kamar "Darmok da Jalad a Tanagra", ko "Shaka, lokacin da ganuwa ta faɗi". Kalma ta fito sarai, ma'ana ta ƙi.

Ana cikin wannan kurman zance sai kyaftin ɗinsu, Dathon, ya sa aka ɗauke shi tare da Picard, kyaftin ɗin Enterprise, aka dire su a wata duniya mai suna El-Adrel ta huɗu, inda wani dodo yake, sannan mutanensa suka toshe sararin ta yadda babu mai iya ɗauko su. Dathon na riƙe da wuƙa biyu. Ya miƙa wa Picard ɗaya, Picard ya ƙi karɓa, a zatonsa faɗa ake gayyatarsa. Ni ma da na fara kallo haka na zata.

Wurin da ya fara kama ni shi ne daren farko. Sanyi ya sauko, Picard na ta murza itace wuta ta ƙi kamawa, shi kuwa Dathon na can gefe da wutarsa tana ci. Ya dube shi, ya yi 'yar dariya, ya ce "Shaka, lokacin da ganuwa ta faɗi." Can ya zaro itace mai wuta a baki ya jefa masa, ya ce "Temba, hannuwansa a buɗe." Picard kansa lalube yake yi, amma a nan take ka san na farkon gazawa ce, na biyun kyauta. Paul Winfield, wanda ya fito a Dathon, fuskarsa na rufe ƙarƙashin roba, da idanu da murya kawai ya yi aikin nan, ka ga mutum yana fama da baƙon da yake ƙauna amma ya kasa gane shi. Patrick Stewart, wanda ya fito a Picard, shi ma ya yi ƙoƙari, amma a ganina kashin nan na Winfield ne.

Abokaina da ba sa son kashin suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa: mutanen da ba sa magana sai da ishara zuwa ga tatsuniya, yaya suka ƙera kumbo? Yaya injiniya zai ce wa yaronsa ya ɗaure ƙusa kaza da awo kaza? Sannan jariri da aka haifa jiya, da wane yare za a ba shi labarin Darmok tun farko, tunda sai ka san labarin kake gane maganar? Kaza da ƙwai ke nan.

Ni dai ina ganin amsar tana cikin jimlolin nasu. Duba abin da na'urar ta fassara: ganuwa, faɗi, hannu, buɗe, teku, ido. Waɗannan ai kalmomin yau da kullum ne. Wanda ke da kalmar "ganuwa" da kalmar "faɗi" yana da abin da zai gina magana tsirara idan ya so. Kuma akwai shaidar suna da lissafi mai kaifi: da Riker, mataimakin Picard, ya tura Worf, jami'in tsaron kumbon, da ƙaramin jirgi don ya ɗauko kyaftin, Tamariyawa suka harbe jirgin daidai gwargwadon yadda zai juya ya koma gida, ba tare da an rasa rai ba. Wannan harbin ba na mai kame-kame ba ne. Shi kansa Dathon yana ɗauke da ɗan littafi da yake rubutu a ciki. Don haka ra'ayina shi ne suna da hanyar awo da ƙidaya ta aikin hannu, amma a wurinsu wannan ba ita ce magana ba. Idan abu ya shafi amana, ko zumunci, ko mutuwa, ba a faɗarsa sai an jingina shi ga wani da ya taɓa yin sa.

Mai jin Hausa bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Idan na ce maka an yi wa wane ungulu da kan zabo, ko na ce abin nasu haihuwar guzuma ce, ko ihu bayan hari, ko cinikin biri a sama, ban yi maka bayanin komai ba, hoto kawai na ɗaga maka, kai ka cike sauran. Idan na ce wane ya tara dukiyar Ƙaruna, sai wanda ya san Ƙaruna zai ji har da gargaɗin da ke ɓoye a ciki. Ka ba na'ura "haihuwar guzuma" ta mayar wa baƙo, za ta ce masa tsohuwar saniya ta haihu, ta yi shiru, shi kuma ya tsaya yana jiran ƙarashen zancen. Abin da ya sami ma'aikatan Enterprise ke nan. Biyu daga cikinsu, Data da Troi, sun bincika rumbun kwamfuta har suka gano Darmok wani mafarauci ne na almara, Tanagra kuma tsibiri ne a duniyar Shantil ta uku. Sun sami sunayen, labarin ne babu, suka tsaya cik.

Maganar jariri kuwa, kashin da kansa ya nuna yadda ake yi. Picard ai jariri ne a wannan yaren. Ba a zaunar da shi an karanta masa nahawu ba. An jefa masa wuta an kira sunan abin. Daga baya ya ɗauki ɗan dutse ya ajiye a ƙasa a matsayin Darmok, suka bi labarin taki-taki: Darmok ya zo ta teku shi kaɗai, Jalad ma ya zo shi kaɗai, suka haɗu a Tanagra, suka yaƙi dodon da ke can, suka bar tsibirin tare. Cikin kwana biyu dattijo ya koya. Yaron da ya tashi a cikinsu fa?

Yanzu ga inda na rabu da yawancin masu sharhi. Ana cewa Dathon ya kai Picard can ne don ya koya masa yaren Tamariyawa. Ban yarda ba. Da koyarwa yake so, da sun zauna a kumbo da allo da hotuna, ba dodo ba wuƙa. Mutanen da kowace kalmarsu ta samo asali daga wani abu da ya faru ba za su ɗauki aron labari a matsayin zumunci ba. Ko Picard ya haddace labarin Darmok, na Tamariyawa ne, shi ɗan aro ne a ciki. Abin da Dathon ya je nema shi ne kalma sabuwa, wadda ɓangarorin biyu ke da gado a cikinta, kuma a wurinsu ba a ƙirƙirar kalma da baki, sai an yi abin tukuna a sa masa suna. Hujjata ita ce ƙarshen kashin. Da Picard ya dawo kumbonsa ya yi wa mataimakin Dathon bayani da yarensu, ya miƙa masa littafin mamacin, mutumin bai ce masa ya iya ba. Cewa ya yi, "Picard da Dathon a El-Adrel." A gaban idonmu aka raɗa wa kalmar suna, kuma rabin sunan na ɗan Adam ne.

Wannan ya sa nake ganin Dathon ya san mutuwa na cikin lissafi tun kafin ya sauka. Ya san akwai dodo a wurin, dodon da ke ɓacewa yana bayyana kamar mai layar zana, shi ya sa ya zo da wuƙa biyu. Ka kuma tuna gardamar da ya yi da mataimakinsa a farkon kashin, suna jefa wa juna sunaye, mataimakin na ta kawo wasu hanyoyi, shi yana nanata Darmok har ya daka masa tsawa. A kallon farko hayaniya ce kawai. A kallo na biyu sai ka gane mutum ne ke roƙon maigidansa kada ya tafi.

Akwai kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wanda kashin bai tsaya a kansa ba: wa ya kashe Dathon? Kowa zai ce dodo. To amma a daidai lokacin da Picard ya gane abin da ake nufi, ya karɓi wuƙa, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, a lokacin ne Riker ya sa aka yi ƙoƙarin fizgo shi zuwa kumbo. Na'urar ɗaukar mutane ta riƙe shi, ba ta ɗauke shi ba, ba ta sake shi ba, yana kallo dodon na turmushe Dathon, yana ihu a bar shi. Da suka sake shi aikin gama ya gama. Riker bai yi da mugunta ba, aikinsa ne ya ceci kyaftin ɗinsa, ni ma da ni ne watakila haka zan yi. Amma taimakon nan shi ya raba Darmok da Jalad a tsakiyar faɗa. Na so a ce marubutan sun bar Riker ya ɗanɗana nauyin wannan ko da na minti ɗaya ne. Ba su yi ba, kuma wannan ne babban gurbin da nake gani a kashin.

Sai zaman dare na biyu, wanda shi ne zuciyar abin. Dathon na kwance jina-jina, ya nemi Picard ya ba shi labari daga nasu. Picard mai son kayan tarihi ne, sai ya ɗauko labarin Gilgamesh, sarkin Uruk, wanda yana cikin tsofaffin labaran da ɗan Adam ya rubuta. A kan allunan yumɓu aka same shi a ƙasar da ake kira Iraƙi yau, cikin kangon ɗakin karatun sarki Ashurbanipal a Ninawa, kuma a 1872 ne George Smith ya karanto sashen ambaliyar ruwa daga ciki a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan. Gilgamesh da Enkidu sun fara da kokawa, suka zama aminai, suka kashe bijimin sama, sannan Enkidu ya mutu, Gilgamesh ya zauna yana kuka. Me zai sa ka zaɓi labarin da aboki ke mutuwa ka ba mutumin da ke gargara? Na daɗe ina ganin rashin dabara ce. Yanzu na canja ra'ayi. Picard ba labari yake bayarwa ba, magana yake yi irin ta Tamariyawa, karo na farko da kayan gidansu. Yana gaya masa ne: na san za ka tafi, na san ko kai wane ne a wurina, kuma ni ne zan yi kukan. Dathon na maimaita sunan Gilgamesh a hankali har numfashi ya ƙare.

Bayan shekara 30, a 2021, shirin zane na Star Trek: Lower Decks ya kawo wani Batamariye mai suna Kayshon yana aiki cikin Starfleet, rundunar su Picard. An yi shi don raha ne, amma ni ya faranta mini, domin yana nufin kalmar da aka raɗa a El-Adrel ta yi aiki.

Ranka ya daɗe, roƙona biyu ne. Na farko, a ba mai sharhinku wannan kashin ya kalla, bai kai awa ɗaya ba, sannan ya sake rubuto mana abin da ya gani, ko da bai sauka daga ra'ayinsa ba. Na biyu, idan akwai mai karatu da ya kalla, ina son jin ta bakinsa a kan wuƙar. Picard ya so ya mayar da ita, mataimakin Dathon ya bar masa. A ƙarshe mun gan shi shi kaɗai a ofishinsa, ya ɗauke ta, ya shafi kaifinta ya taɓa goshinsa kamar yadda ya ga Tamariyawa na yi wa mamaci. Wani abokina ya ce kyautar ta'aziyya ce kawai. Ni kuwa ina ganin an bar masa ita ne don wuƙar biyu ce tun asali, kuma ana sa ran wata rana shi ma zai miƙa wa wani baƙon.

Na gode.

Naku,
Mai karanta shafinku na fina-finai