Masu biki a bakin Kwara su sa kwale-kwale cikin lissafin hidima

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da iyayena da 'yan'uwana mazauna bakin kogin Kwara, tun daga Yawuri da Ngaski har Borgu da ƙasar Nufe, a kan yadda muke tafiya biki da suna da ta'aziyya ta kan ruwa.

Wanda bai san ƙasar nan ba yakan tambaya me ya hana mu bin hanyar mota. Amsar tana cikin tarihinmu. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin da ya taru ya kai tsawon kimanin kilomita 130, aka tashi sama da mutum 40,000 daga matsugunansu, tsohuwar Bussa ta nutse, Gungawa da yawa suka bar tsibiran kakanninsu aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka a gaɓar gabas da ta yamma. Dangi sun rarrabu, amma auratayya ba ta yanke ba. Matar da aka aurar Rofiya alhali iyayenta suna Zamare, idan za ta je wankan jego ko gaisuwar rasuwa, kwale-kwale ne hanyarta, domin zagayen mota yana cin kuɗi da wuni. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, mu kuwa sai mun haɗa da jirgi.

Ba kuma zan ɓoye daɗin tafiyar ba. Ketarawa da hantsi, ruwa a kwance, mata cikin anko suna guɗa, masunta suna jan taru a gefe, tsofaffi suna nuna wa jikoki inda garinsu na dā yake a ƙarƙashin ruwa da wuraren da ake kauce wa dorina, wannan ma wani ɓangare ne na bikin, kuma yaran da suka tashi a birni sun fi tuna shi a kan shinkafar da suka ci. Ba ina kira a daina ba ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda manyan haɗurran da suka girgiza mu suke faɗowa a ranakun farin ciki. A watan Yuni na 2023, sama da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa cikin dare daga bikin aure a wani ƙauye na jihar Neja. A farkon Oktoba na 2024, jirgin da ya ɗauko kusan mutum 300, akasarinsu mata da yara masu halartar Maulidi, ya kife da dare kusa da Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa. Ko a jihar Kano, a ƙarshen Nuwamba na 2021, ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su Maulidi ne suka fi yawa cikin waɗanda suka nutse a madatsar Watari ta Bagwai. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan babu musu, amma ranar biki tana da halin da ranar kasuwa ba ta da shi. Ranar kasuwa kowane gida mutum ɗaya ko biyu yake da shi a cikin jirgi, ranar biki kuwa kaka da 'ya'yanta da jikokinta da masu goyo duk suna cikin katako guda, shi ya sa ake jin gida ɗaya ya yi jana'izar mutum goma. Sannan biki ba ya tashi da wuri: sai an ɗaura aure, an ci abinci, an jira gwaggo ta gama yi wa amarya nasiha, kafin a isa bakin ruwa magariba ta kawo kai. A nan ne kunya take shigowa. Matuƙin jirgin ɗan gari ne, wataƙila ma ɗan dangi, ba zai iya duban ƙanwar mahaifinsa ya ce jirgi ya cika ba, ita ma ba za ta yarda a bar ta a gaɓa 'yan rakiya su wuce ba. Sai a ƙara gado da katifa da buhunan gara, wani lokaci har da babura, a ce Allah zai kiyaye.

Ruwan kuma ba ya sanin biki ake yi. Itatuwan da tafkin ya shanye sun bar kututturai a ƙarƙashinsa, da rana gwanin matuƙi yana gane su ya kauce, da dare kuwa sai dai a ji ƙara. Kwara tana kawo ruwa sau biyu a shekara, na farko mai laka daga ruwan damina wajen Agusta zuwa Oktoba, na biyu wanda yake gangarowa daga ƙasar Gini ya iso mana cikin hunturu, saboda haka hanyar da aka bi lafiya a wannan wata ba lallai ta zama ita ce a wata mai zuwa ba.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare da lodin da ya wuce ƙima, ta kuma wajabta sa rigar kariya daga nutsewa, hukumar raya yankunan da ake samar da wutar lantarki daga ruwa, HYPPADEC, ma ta raba irin waɗannan riguna a jihohin da ke ƙarƙashinta. Sai dai mashigan ƙauyuka sun fi ma'aikatan yawa, kuma babu jami'in da zai san ranar da za a kai amarya kamar uban biki. Shi ya sa nake ganin nauyin ya fi rataya a wuyanmu.

Magidancin da ya iya lissafin goro da shinkafa da kuɗin makaɗa, ya kamata ya lissafa jirgi tun ranar da aka sa rana. Idan baƙin sun fi ƙarfin jirgi ɗaya, a yi sawu biyu, kayan ɗaki su riga mutane tafiya tun ana gobe. A kai amarya da hantsi ko bayan azahar. Na san wasu iyaye mata za su ce al'ada ta fi son duhu ya rufa, to amma waccan al'adar ta masu tafiya a tudu ce. Wanda rana ta faɗi masa a gidan suna ya kwana, masu gida su shirya tabarmi da wannan niyya, kada a ɗauki kwanan baƙo a matsayin ɗora nauyi. A kuma sanar da Sarkin Ruwa ko wakilinsa ya tsaya a mashigi ya ƙirga masu shiga, domin maganar da matuƙi yake jin nauyin faɗa, mai sarauta zai faɗe ta a saurara. Liman ma yana iya ƙara jumla ɗaya a kan wannan bayan fatihar ɗaurin aure.

Batun riguna kuwa, kusan kowane gari yana da ƙungiyar mata ko ta matasa da take ajiye kujeru da manyan tukwane tana bayar da haya ga masu hidima. Su ƙara rigunan kariya a cikin kayan, a riƙa karɓarsu tare a mayar tare. Ina roƙon masu sayowa, da 'yan majalisar da suke rabawa, su nemi ƙanana daidai jikin yara, domin rigar babba takan zame daga jikin yaro da zarar ya faɗa ruwa.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga Yelwa, Yawuri, jihar Kebbi.