Wasiƙar Godiya ga Gidan Adana Zane-zane na Metropolitan

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Gidan Adana Zane-zane na Metropolitan da ke birnin New York, Amurka.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in gode muku bisa shawarar da kuka yanke a watan Fabrairun 2017, ta sakin hotuna fiye da 375,000 na kayan da kuke adanawa a intanet, kowa ya sauke ya yi amfani da su ba tare da biyan kuɗi ko neman izini ba. Ni malamin zane ne, ban taɓa taka gidanku ba, amma da hotunanku nake nuna wa ɗalibaina abin da baki ya kasa bayyanawa, wato matsayin da kowace al'umma take ba ɗan Adam a tsakanin duwatsu da ruwa da itatuwa.

Nakan fara da zanen Guo Xi na ƙasar Sin, wanda ya yi da tawada a kan siliki wajen shekarar 1080. Naɗaɗɗen zane ne da ake warwarewa sannu a hankali daga dama zuwa hagu, don haka ba a ganinsa a kallo ɗaya. Tafiya mai kallo yake yi a cikinsa, ya wuce tsofaffin itatuwa, ya ratsa hazo, sannan ya tarar da wasu dattawa biyu da aka zana ƙanana ƙwarai. Sinawa suna kiran irin wannan zane "dutse da ruwa", kuma filin da suka bari babu tawada, a ganina, ya fi wurin da suka cika magana.

Sai in ajiye zanen Thomas Cole na 1836 kusa da shi, inda kogin Connecticut na Amurka ya yi lanƙwasa. Ta hagu daji ne da hadari da karyayyen itace, ta dama kuma gonaki ne cikin hasken rana. A nan ne ingancin hotunanku ya fi yi mana rana, domin sai da muka ƙara girman hoton muka hango mai zanen da kansa a tsakanin duwatsu, yana waiwayo yana kallonmu. Ranar ɗalibaina sun daɗe suna muhawara kan ko murna yake da share dajin ko juyayi.

Igiyar ruwan da Hokusai na Japan ya zana kuwa kowa ya san ta, sai dai kaɗan ne suka lura da jiragen ruwa uku da take shirin rufewa, da dutsen Fuji da ya koma ɗan ƙarami can nesa.

Ina kuma yaba wa masu ɗaukar hotunan da masu rubuta bayanin kowane aiki, waɗanda ba kasafai ake ambaton su ba, alhali da bayaninsu na shekara da kayan aiki nake shirya darasi. Allah Ya saka muku da alheri.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin zane