Dariyar dandali daban, ta talabijin daban: kira ga tashoshinmu na Sakkwato

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da shugabannin sashen shirye-shirye na gidajen talabijin ɗinmu, da kuma matasan da ke sa mutane dariya a wuraren biki da taruka a nan Sakkwato. Yaran nan suna da baiwa. Mutum ɗaya zai riƙe makirufo a zauren biki, cikin minti goma ya sa dattijo ya cire hula yana share hawaye. Idan mai tasha ya ga haka, abin da ke fara zo masa shi ne a ba yaron shiri na mako-mako. Tunanin mai kyau ne, amma yadda aka saba aiwatar da shi ne ke kashe shirin kafin a kai kashi na biyar, har a koma ana cewa yaron ne ya ƙare, alhali tsarin ne bai zauna ba.

A fara da lissafi. Ɗan barkwancin dandali yana iya shafe shekara yana goge abin da bai wuce awa ɗaya ba. Yau ya faɗa a wannan biki, gobe ya gyara ya faɗa a wancan, kuma kullum sababbin kunnuwa yake samu. Talabijin ba ta da wannan rangwame. Zango ɗaya a tashoshinmu mako 13 ne, kuma shirin rabin awa, idan aka cire talla, yakan tsaya a wajen minti 22. Minti 22 sau 13 ya ba da minti 286, kusan awa biyar ke nan, gaban mutanen da suka ji na makon jiya kuma ba su manta ba. Duk jarin yaron zai ƙone a kashi uku na farko. Daga nan sai ihu, da faɗuwa ƙasa, da ƙaton ciki na ƙarya.

Abin da ake ɗaukowa daga dandali shi ne idon mutumin, wato irin abin da yake gani a rayuwa wanda sauran mutane suke wucewa. Jerry Seinfeld na Amurka misali ne mai amfani a nan. Shirinsa ya fara a 1989 ya ƙare a 1998, kashi 180, kuma shi da Larry David suka ƙirƙire shi. A zangunan farko ana nuna shi tsaye a dandali yana zuba, sannan a shiga labari, amma a zanguna biyu na ƙarshe an kusa daina wannan gaba ɗaya, domin shirin ya riga ya tsaya da ƙafafunsa. Wanda ya kalla da kyau zai ga cewa sau da yawa shi Seinfeld ɗin ne mai hankalin cikinsu, abokansa uku ne ke ɗauke da mafi yawan haukar. Ya yarda a raba dariyarsa ga wasu bakuna. A ɗaya ɓangaren, John Mulaney gwani ne a dandali, amma shirin da aka gina masa a 2014 bai wuce kashi 13 ba aka tsayar da shi. Ƙwarewa a tsaye ba ta isa ita kaɗai.

Ga yadda ya kamata a soma. A ɗauki yaron a bidiyo a taruka uku ko huɗu, a zauna a rubuta duk abin da ya faɗa, kalma da kalma. Sai a tace. Akwai barkwancin da labari ne, yana da mutane da wuri da abin da ya faru, wannan shi ne zinariya. Akwai wanda lura ce kawai, irin "kun ga yadda masu kabu-kabu ke yi idan sun hango fasinja da kaya", wannan yakan koma gardama tsakanin mutum biyu. Sauran, wato tsokanar ango, da kwaikwayon muryar wani mawaƙi, da jan wani daga cikin 'yan kallo, a bar su a zauren biki. Suna rayuwa ne da mutanen da ke wurin, kuma a gaban kyamara mutuwa suke yi.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe, domin nan ne aikin yake. A ce yaron yana da barkwanci a kan baƙon da ba ya zuwa sai an sauke tukunya. A dandali daƙiƙa 40 ne. Shi ne baƙon, shi ne maigida, shi ne uwargida, yana juya wuya yana canza murya, ya ƙare da "Mi anka dahwa?" a kwashe da dariya. Idan aka sa shi ya zauna a zaure yana ba wani wannan labarin a talabijin, an yi asara, domin mai kallo yana da ido kuma yana son ya gani da kansa. Abin yi shi ne baƙon ya zama mutum na dindindin a shirin, a ba wani ɗan wasa daban. Maigida, wato tauraronmu, ya yanke shawarar yau za a ɓoye tuwon shinkafa a ƙarƙashin gado. Baƙo ya yi sallama, aka ce masa yau ko wuta ba a hura ba. Bai tashi ba. Ana cikin haka sai ga surukin maigida daga Wamakko, da yunwar hanya, kuma ba halin a fito da tuwo gaban wanda aka ce wa babu. Yanzu kowane motsi dariya ne: uwargida na tare ƙofar ɗaki, yaro ƙarami na shirin tona asiri, ƙamshin man shanu na fitowa. Ba wanda ya faɗi barkwanci ko ɗaya, amma an sami minti 15 daga abin da yake daƙiƙa 40. Kuma baƙon nan zai dawo mako mai zuwa da wata fitinar.

Mutanen dindindin kada su gaza huɗu, kada su wuce shida. Kowannensu a san abin da yake so da abin da yake tsoro, a kuma ɗaure su da abin da zai hana su rabuwa: gida ɗaya, shago ɗaya, tashar mota ɗaya. Marigayi Usman Baba Pategi ya daɗe yana Samanja domin bariki wuri ne da ke haifar da rikici da kansa, akwai na sama akwai na ƙasa, kuma shi kansa ya yi aikin soja, ya san abin da yake kwaikwayo. Mu a nan muna da abin da ya fi bariki. Wasan jika da kaka, da na taubasai, da na Bagobiri da Bayarabe, da na Bafulatani da Babarbare, duk dangantaka ce da al'ada ta riga ta ba lasisin tsokana. Marubucin da ya sa biyu daga cikinsu a gida ɗaya ya rage wa kansa rabin aiki.

Sai maganar harshe, kuma tana ci mana rai. An daɗe ana mayar da Sakkwatanci abin dariya shi kansa, a sa mutum ya ce "wanga" da "munka" a jira a yi dariya. Ga mai kallo a Mabera ko Runjin Sambo wannan ba barkwanci ba ne, maganar gidansu ce. A bar mutanen shirin su yi Sakkwatancinsu yadda ake yinsa a kasuwa, dariyar ta fito daga halin da suka shiga.

Rubutu wajibi ne. Mun san 'yan wasanmu sun saba a ba su ƙashin labari su cika da bakinsu, kuma ɗan barkwanci ya fi kowa ƙin takarda. Matsalar tana fitowa ne a ɗakin tacewa. Idan da kyamara ɗaya ake aiki, fitowa guda sai an ɗauke ta sau uku ko huɗu, daga nesa, sannan fuskar wannan, sannan fuskar wancan. In ya faɗi magana daban a kowane ɗauka, mai tacewa ba zai iya haɗa su ba. Maganin shi ne a ɗauki rubutaccen har ya yi kyau, sannan a ba shi ɗauka ɗaya na ƙarshe ya yi yadda ransa ke so. Kashi ɗaya ya ƙunshi babban labari da ƙarami, fitowa takwas zuwa goma sha biyu, a wurare biyu ko uku. Marubuta su kai uku, kuma kafin a kunna kyamara a zauna a karanta rubutun da baki gaban mutum goma da ba su san shi ba. Shafin da ya wuce shiru a sake rubuta shi.

Abin da ya fi wahalar da ɗan dandali shi ne rashin 'yan kallo. Ya saba dariyar jama'a ce ke gaya masa inda zai tsaya da inda zai ci gaba. A wurin ɗauka ba kowa sai ma'aikata da aka hana tari, sai ya ɗauka abin bai yi ba, ya ƙara murya, ya ƙara zare ido. Kyamarar da ke kusa da fuska tana ninka komai, abin da ya dace da layin baya na zaure a allo ya zama hauka. Dole darakta ya koya masa ragewa, ya kuma koya masa sauraro, domin a talabijin dariya takan faɗo ne a fuskar wanda aka gaya wa magana. Tun 1951 Amurkawa suka fara ɗaukar irin wannan shiri da kyamara uku gaban 'yan kallo na gaske. Tashar da ke da ɗaki mai ɗaukar mutum 40 ta gwada, sai dai a koya wa 'yan wasa su dakata dariya ta lafa kafin magana ta gaba. Wadda ba ta da shi kada ta liƙa dariyar gwangwani, wato wadda aka naɗa tun da farko, bayan kowace jimla, mai kallo yana ganewa. Ɗan barkwancin Amurka Bernie Mac a shirinsa na 2001 ya bi wata hanya, yakan zauna a kujera ya yi wa kyamara magana kai tsaye na ɗan lokaci, sannan a koma labari. Wannan zai dace da yaranmu, muddin bai wuce minti ɗaya ko biyu a kashi ba.

Sauti kuma shi ne ke cin shirye-shiryenmu. Barkwancin da ba a ji kalmarsa ta ƙarshe ba ya tafi a banza. A zafin Afrilu dole a kashe fanka lokacin ɗauka, don haka a fara da sassafe, a huta da rana. Janareta a kai shi nesa da dogon waya, bayan katanga. Shadda mai sitaci tana ƙara a kan ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a ƙirji, a gwada kayan kowa da abin ji a kunne kafin a fara. A tsara fitowa ta yadda kiran salla ba zai raba ta biyu ba.

Abu biyu suka rage. Abin da ake faɗa a dinar ƙarfe goman dare ba duka ne zai shiga falon da suruka da yara ke zaune ba, kuma Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa tana da ƙa'idojinta, don haka a tace tun a takarda. Sannan a rubuta yarjejeniya tun farko a kan wa ya mallaki sunan da yaron ya zo da shi, da ko zai ci gaba da faɗin barkwancinsa a biki bayan an nuna shi, da rabonsa idan an ɗora shirin a YouTube. Muna roƙon tashoshinmu su fara da kashi ɗaya na gwaji, su nuna wa mutanen unguwa biyu ko uku, su gyara, kafin su sa hannu a kan zango guda.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Daga wasu marubuta wasannin talabijin,
Sakkwato.