Ku Riƙa Faɗa Mana Ƙarfin Iska a Labarin Tsere

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da ɗan ƙorafi kan yadda filinku na wasanni ke kawo labarin tseren mita 100. Da zarar wani matashi ya yi gudu mai kyau sai a hau kwatanta shi da Usain Bolt, ba a ko faɗi yadda iska take a ranar ba.

A 1968 Jim Hines na Amurka ya yi daƙiƙa 9.95 a birnin Meziko. A 2009 Bolt na Jamaika ya yi 9.58 a Balin. Shekara 41 ke nan ana ta horo da bincike da zuba kuɗi, amma abin da aka rage ko rabin daƙiƙa bai kai ba. Tyson Gay na Amurka da Yohan Blake na Jamaika, waɗanda ke bin Bolt a sauri, ma a 9.69 suka tsaya. Jikin ɗan Adam na da iyakarsa. Idan gudu ya kai maƙura, ƙafa ba ta ɗaukar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a ƙasa, kuma a wannan ƙiftawar idon ne tsoka za ta cilla mutum gaba. Shi kansa Bolt kimanin kilomita 44 a awa ya taɓa, tsakanin mita 60 da 80, daga nan ya fara sassautowa.

To, tunda abin da ya rage ɗan ƙiris ne, iska kaɗai na iya raba gardama. Shi ya sa doka ta ce idan iskar da ke turo ɗan tsere ta wuce mita 2 a daƙiƙa, ba za a rubuta lokacinsa a matsayin sabon tarihi ba. Mun gani a kan 'yarmu Tobi Amusan a birnin Eugene na Amurka a 2022: ta yi daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge na mita 100 aka karɓa a matsayin sabon tarihi, a zagayen ƙarshe ta yi 12.06, ta ci zinare, amma aka ƙi lokacin saboda iska ta kai 2.5. Hatta Hines, tudun Meziko mai tsayin sama da mita 2,200 ya taimake shi, domin iskar can ba ta da kauri.

Don Allah, Malam, a riƙa haɗa mana da adadin iskar da kuma inda aka yi tseren. Rabin layi ne kawai zai ci muku.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya